Ruwan tsohon juji da ya gagari bakteriya: nazarin lamari

Akwai wani hali da kusan kowane wurin binne shara ke shiga idan ya kwana biyu, kuma shi za mu bi daki-daki a nan. Juji ne da aka gina bisa ƙa'ida. An shimfiɗa roba mai kauri a ƙasansa, an jera bututu masu huji a kanta, ta yadda ruwan saman da ya ratsa sharar, da wanda sharar kanta ke tsatsarwa, za su gangara rijiya guda maimakon su nutse su gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga rijiyar nan inji ke tura ruwan zuwa tankuna inda ake hura iska, bakteriya na cin dattin da ke ciki. A shekarun farko komai na tafiya daidai. Yanzu jujin ya haura shekara 15. Tankunan na nan lafiya, injinan iska na aiki dare da rana, ammoniya na sauka yadda ake so, amma ruwan da ke fitowa daga tankin ƙarshe ja ne mai duhu, awonsa kuma ya kafe wuri ɗaya. An ƙara iska, an ƙara kwanakin da ruwan ke yi a tanki, an ɗebo sababbin bakteriya daga wata matatar an zuba, duk a banza.

Awon da ya kafe shi ne COD, wato yawan oksijin da za a buƙata kafin a ƙone duk sinadarai masu kabon da ke cikin lita ɗaya ta ruwa. A ɗakin gwaji ana samun sa ne ta hanyar dafa ruwan da daikromet da asid na awa 2 a zafin digiri 150. Abokin tafiyarsa shi ne BOD, wanda ke nuna oksijin da bakteriya suka sha cikin kwana 5 a zafin digiri 20 suna cin abin da za su iya ci. Na farko yana ƙirga duk dattin, na biyu yana ƙirga wanda ke ciwuwa kawai. Idan aka raba na biyu da na farko, an san irin ruwan da ake fama da shi.

Don lissafi ya fito fili, zan ɗauki cikakkun alƙaluma daga cikin abin da aka saba gani a juji mai irin waɗannan shekaru: ruwa mita kubik 100 a rana, COD miligiram 1,000 a lita bayan tankunan bakteriya, BOD kuwa bai kai 50 ba. Inda ake son kaiwa shi ne 200, iyakar da rataye na 51 na dokar ruwan datti ta Jamus ya sa wa ruwan juji kafin a sake shi cikin kogi. Ƙa'idar da ƙasar Sin ta fitar a 2008 ta ma fi haka tsauri, don 100 ta yanka.

Abin da ya canza a cikin sharar

Laifin ba na tankunan ba ne. Sabon juji, wanda bai wuce shekara 5 ba, ruwansa tsami gare shi, cike da ƙananan asid da ke fitowa daga ruɓewar shara. COD ɗinsa kan haura 10,000, amma kusan rabi ko fiye abin ci ne ga bakteriya, shi ya sa matatar ke samun nasara cikin sauƙi. Da tafiya ta yi nisa, sai bakteriyar da ke samar da iskar mitan, wato gas ɗin juji mai kama wuta, su kafu a cikin jujin, su riƙa cinye waɗannan asid tun kafin ruwan ya iso bututu. Jujin da kansa ya zama matata ta farko. Abin da ke saura ya fito shi ne wanda ya gagare su shekara da shekaru: manyan sinadaran humik da fulbik, masu zobba-zobba na kabon da suka sarƙe da juna, su ne ke ba ruwan wannan launi. A cikinsu kuma akwai 'yan ƙanana da ba su da yawa a awo amma sun fi tayar da hankali, irin su bisfenol A da talet daga robobi, ragowar magungunan mutane da na ƙwari, da daioksen. A wannan mataki COD ya sauka ƙasa da 4,000, pH, wato awon tsami da ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya haura 7.5, rabon BOD da COD ya faɗi ƙasa da 0.1. Abin da bakteriyar juji suka kasa ci cikin shekara 10, ba za a sa ran na tanki su cinye shi cikin kwana 10 ba.

Masu kula da wurin sun duba hanyoyin da aka sani. Gawayin tace ruwa yana kama waɗannan sinadarai, sai dai da COD 1,000 zai cika da wuri, a yi ta canza shi. Tacewa ta matsi, wadda ake kira RO, tana ba da ruwa garau, amma tana barin kaso ɗaya cikin huɗu ko biyar na ruwan a matsayin kakkauran datti da sai an san inda za a kai shi. Zuba sinadarin da ke dunƙule datti ya kwanta yana rage wani abu. Duk ukun ɗauke dattin suke yi daga nan su ajiye can. Hanyar da ke karya shi kansa sinadarin ita ce a ƙona shi a cikin ruwan da abin da ya fi oksijin na iska kaifi nesa ba kusa ba.

Wannan abu shi ne radikal ɗin haidroksil: atom ɗaya na oksijin, ɗaya na haidrojin, da elektron guda da ba shi da abokin zama. Ƙarfinsa na ƙwace elektron ya kai bolt 2.8, alhali ozon 2.07 gare shi, kulorin kuma 1.36. Ba ya cika zaɓe, kusan duk abin da ya ci karo da shi yake afka wa, kuma rayuwarsa ba ta kai kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Saboda haka ba a sayen sa a jarka, sai dai a haife shi a cikin ruwan da ake son gyarawa. Hanya mafi sauƙin kayan aiki ita ce wadda Henry Fenton ya bayyana a Kambirij a 1894, lokacin da ya ga cewa ɗan gishirin ƙarfe yana sa haidrojin feroksaid ya ƙona asid ɗin tatarik. Shi bai san abin da ke yin aikin ba. Fritz Haber da Joseph Weiss ne a 1934 suka danganta shi da haidroksil. Ita aka zaɓa a gwada a nan, domin ba ta buƙatar komai sai tankuna, injin motsawa, famfunan auna sinadari, da sinadarai huɗu da ake samu a kasuwar masana'antu.

A kan teburin gwaji

An jera kofunan gilashi shida, kowanne da lita ɗaya ta ruwan, da sandar motsawa a ciki. Matakin farko shi ne a sauke pH zuwa wajen 3 da asid ɗin salfa. Dalili kuwa, da zarar pH ya haura 4, ƙarfen ya fara dunƙulewa ya kwanta, ya bar feroksaid yana rubewa zuwa ruwa da oksijin ba tare da ya yi wani aiki ba. Idan kuma aka zarce ƙasa da 2.5, haɗuwar ta yi sanyi. Tazarar ƙanƙanuwa ce, kuma wanda bai riƙe ta ba ya zubar da kuɗinsa.

An fara gwada ɗanyen ruwan rijiya, wanda bai bi ta tankunan bakteriya ba, don a ga ko za a iya tsallake su. Da ɗigon asid na farko kofin ya fara tsiyayar ƙananan kumfa daga ƙasa. Kafin a kai pH 6 kumfa mai ruwan ƙasa ta taso ta cika bakin kofin ta malalo kan tebur, allurar awo kuwa da ƙyar take motsi. Baikabonet ne ke shanye asid ɗin yana sakin iskar kabon daioksaid. Idan ɗanyen ruwan na da irin wannan abin da ke shanye asid, wanda ake kira alkali, miligiram 5,000 a lita, kashe shi kaɗai zai ci asid kilo 4.9 a kowace mita kubik, wato kilo 490 a rana. Ga kuma ammoniya, wadda haidroksil ba ya taɓa ta a cikin ruwa mai tsami, za ta fito yadda ta shiga. To amma bakteriyar da ke mayar da ammoniya naitret suna cinye alkali giram 7.14 a kan kowane giram na naitrojin. Ruwan da ya bi ta hannunsu yana isowa da alkali kaɗan, a ce 500, asid ɗin da zai ci kilo 49 ne kacal. Wannan bambanci na ninki goma shi ya rufe maganar tsallake tankunan. Sharaɗi ɗaya ne: su kammala aikinsu. Idan suka tsaya a naitrait, wato matakin tsakiya kafin naitret, kowane giram na naitrojin ɗinsa zai sha feroksaid giram 2.4 kafin a taɓa dattin da aka zo dominsa.

Sai aka koma ga ruwan tankin ƙarshe. Bayan asid, aka zuba salfet ɗin ƙarfe, garin nan kore-kore, ya narke. Da feroksaid ya shiga, cikin daƙiƙoƙi launin ya ƙara duhu, ya koma ja kamar tsatsa, gilashin ya ɗan yi ɗumi a hannu. A wannan lokacin ƙarfe mai caji biyu yana ba feroksaid elektron, ya raba shi gida biyu, haidroksil ya fito, ƙarfen ya koma mai caji uku. Komawarsa mai caji biyu don ya sake wani zagayen tana yiwuwa, amma ta fi matakin farko jinkiri sau dubbai. Shi ya sa mafi yawan aikin ke faruwa a 'yan mintunan farko, sauran awa ɗaya ko biyu kuma jan ƙafa ne.

A nan ne kofunan suka bambanta. Wanda aka juye masa feroksaid gaba ɗaya ya fi kowa kumfa da zafi, amma bai fi kowa sakamako ba, domin haidroksil ba ya bambance datti da feroksaid: idan feroksaid ya yi yawa a wuri guda, shi zai ci. Haka ma idan ƙarfe ya yi yawa. Kofin da aka raba masa adadin guda kashi-kashi, ana ba da 'yan mintuna tsakani, shi ya fi sauke COD. A ƙarshe aka ɗaga pH zuwa tsakanin 7 da 8 da kostik soda. Nan take ruwan ya cika da gudaji ja-ja masu laushi, suka yi ta haɗuwa suna sauka. Bayan rabin awa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kofin laka ce, a samanta kuma ruwa rawaya-rawaya da ana hango yatsa ta bayansa.

Duk wanda ya ga kofin nan zai yi murna, kuma a nan nake ganin ya kamata a fi yin hattara. Awon COD na farko da aka yi wa ruwan saman ya fito sama da yadda launin ke nunawa. Ragowar feroksaid ce: a cikin gwajin daikromet, kowane miligiram nata yana bayyana kamar COD miligiram 0.47. Ita ce kuma ke kashe bakteriyar gwajin BOD, har a ɗauka ruwan guba ne. Dole a tsoma takardar gwajin feroksaid a tabbatar babu saura, ko a kashe ta da sinadarin katales, kafin a yarda da kowane awo.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi: dattin da ya bar ruwan, ina ya tafi? Hanyar sani mai sauƙi ce. A motsa kofin laka da ruwa su gauraye, a auna COD, sannan a bar shi ya kwanta a auna na sama kaɗai. Abin da ya ɓace daga gaurayen shi aka ƙona da gaske. Bambancin da ke tsakanin awo biyun kuwa dattin da ya manne wa ƙarfe ne ya sauka, yana nan da ransa a cikin laka. A ruwan tsohon juji wannan kaso ba ƙarami ba ne, domin humik na son ƙarfe, kuma idan aka yawaita ƙarfe yakan zama shi ne mafi rinjaye. Rahoton da ya ce an cire kashi kaza cikin ɗari bai raba waɗannan biyun ba, rabin magana ya faɗa. Bitar da Yang Deng da James Englehardt suka wallafa a 2006 ta nuna cewa hanyar Fenton kan cire tsakanin kashi 45 zuwa 85 cikin ɗari na COD a ruwan juji, kuma irin wannan faɗin tazara ya isa ya nuna cewa babu wanda zai aro adadin wani juji ya yi aiki da shi a nasa.

Lissafin da ya juya shawarar

Sauke COD daga 1,000 zuwa 200 a mita kubik 100 yana nufin cire kilo 80 a rana. Feroksaid giram 34 oksijin giram 16 yake bayarwa, don haka kowane giram na COD yana buƙatar giram 2.125. Kilo 170 ke nan na tsantsar feroksaid, ko kilo 340 na wanda ake sayarwa mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari, idan ba a yi asarar ko ɗigo ba, abin da ba ya faruwa. Idan aka sa ƙarfe ɗaya ga kowane feroksaid biyar a ƙidayar mol, wato ƙidayar ƙwayoyin sinadari ba nauyinsu ba, ana buƙatar ƙarfe kilo 56, wato salfet ɗin ƙarfe kilo 278. Wannan ƙarfe zai fito a matsayin busasshiyar laka kilo 107, ban da dattin da ya kwaso. Bayan an matse ta a injin matsa laka, ruwa ne har yanzu kashi uku cikin huɗu nata, sai ga kusan rabin tan kullum. Salfet kuma, daga gishirin ƙarfen kaɗai, an ƙara wa kowace lita miligiram 960, kafin a lissafa na asid.

Wannan idan aikin yana tafiya a miƙe ne, kuma ba ya tafiya a miƙe. Kilo na farko na feroksaid yana samun manyan sinadarai masu zobba, waɗanda haidroksil ke fasawa cikin sauri. Yayin da ake ci gaba, abin da ke taruwa shi ne gutsattsarinsu: asid ɗin oksalik, fomik, asetik. Waɗannan sun riga sun ƙone rabi, haidroksil na jinkiri a kansu, oksalik ma yana rungume ƙarfen ya hana shi komawa bakin aiki. Kowane miligiram na ƙarshe ya fi na farko tsada ninki-ba-ninki. Alhali waɗannan ƙananan asid su ne irin abincin da bakteriya suka rasa tun da jujin ya tsufa. Biyan kuɗin feroksaid don a ƙona abin da bakteriya za su ci da iska kawai, a ganina, ɓarna ce tsagwaronta. Aikin sinadari a nan irin na gatari ne: ya faskara gungumen da wuta ta kasa kamawa, ya bar wa wuta sauran.

Sai tambayar ta koma: mene ne mafi ƙarancin adadin da zai mayar da ruwan abin ci? Nan ma akwai rami. Idan adadin ya yi kaɗan ƙwarai, ana tsayawa a tsakiyar hanya, inda zobban suka karɓi oksijin amma ba su fashe ba. Fenol misali ne sananne: kafin zobensa ya buɗe yana bi ta haidrokwinon da benzokwinon, waɗanda suka fi shi kansa guba. Ruwan da aka yi wa rabin aiki yana iya kashe tankin da aka tura shi. Don haka aka sake jera kofuna da adadi hawa-hawa, kowanne aka yi masa gwaji biyu ban da COD. Ɗaya shi ne na bakteriyar teku masu haske, waɗanda haskensu ke dushewa idan ruwa na da guba, ana samun amsa cikin minti 30. Ɗayan shi ne gwajin Zahn-Wellens, inda ake haɗa ruwan da lakar bakteriya ana hura iska har kwana 28, ana bin yadda kabon ke raguwa. Kwana 28 na da tsawo ga mai gaggawa, amma BOD na kwana 5 bai isa ya nuna abin da bakteriyar da suka saba da ruwan za su iya ba. Abin da ake nema shi ne kofin da ya fara haye ramin gubar, wanda rabon BOD da COD ɗinsa ya tashi daga ƙasa da 0.1 ya kai wajen 0.3 ko sama, kuma abin da ya saura bayan kwana 28 ya sauka ƙasa da 200.

Tsarin da aka tsayar ke nan: tankunan bakteriya na da su ci gaba da cire ammoniya, sai Fenton da adadin da bai kai na cikakkiyar ƙonawa ba, sai kwantar da laka, sai ƙaramin tankin bakteriya na biyu ya share gutsattsarin. Wani ƙarin amfani ma ya fito: ana iya mayar da wani kaso na ruwan zuwa sashen da ba a hura iska, inda bakteriyar da ke mayar da naitret iskar naitrojin ke buƙatar kabon, a rage metanol ɗin da ake saya musu.

Ozon da haske

An yi maganar ozon, kuma yana da abin so. Ba ya buƙatar a sauke pH, ba ya barin laka, ba ya ƙara gishiri. Yana cire launi da sauri sosai, domin zobban da ke ba da launin su yake fara kai wa hari, sai dai COD na biyo baya a hankali, don haka ruwa mai haske daga tankin ozon ba shaida ba ce. Idan ɗaya ne kawai cikin atom ukun oksijin da ke jikin ozon ya yi aiki, kilo 80 na COD zai ci ozon kilo 240, kowane kilo kuma wajen kilowat-awa 10 na lantarki. Ga bromaid, wanda ruwan juji ba ya rasawa: ozon na mayar da shi bromet, sinadarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iyakar maikrogiram 10 a lita a ruwan sha. Inda lantarki ke da tabbas kuma zubar da laka ke da wuya, ozon na iya fin Fenton dacewa. A wannan juji ba haka abin yake ba.

Haske kuwa ƙari ne a kan Fenton ɗin. Hasken rana na raba ƙarfe da oksalik, ya mayar da ƙarfen mai caji biyu, don haka ƙarfe kaɗan ya isa, laka ta ragu. Cibiyar binciken makamashin rana da ke Almeriya a Sifen ta daɗe tana gwada wannan a bututun gilashi masu madubi a bayansu, masu bincike a Jami'ar Porto ta Fotugal kuma sun gwada shi a kan ruwan juji. Matsalar ita ce duhun ruwan yana shanye hasken tun daga bakin gilashi, sai an fara kwantar da humik kafin a kai shi rana. An ajiye wannan don gaba.

Abin da ya rage a hannu

Lakar ita ce ciwon kai na farko. Abu mafi sauƙi shi ne a mayar da ita cikin jujin, ga shi nan kusa. Amma a can ƙasa babu oksijin, bakteriya za su mayar da ƙarfen mai caji biyu, ya narke, ya saki dattin da ya riƙe. An gudu ba a tsira ba. Ƙarfen da ya narke yana toshe hujin bututun tattara ruwa, salfet ɗin da ya bi lakar kuma yana komawa haidrojin salfaid, iska mai guba da ke cin injin da ake ƙona gas ɗin juji a ciki. Shawarar da aka yanke ita ce a matse ta sosai, a binne ta a keɓaɓɓen rami da ba ya haɗuwa da ruɓaɓɓiyar shara, a kuma riƙa bin awon ƙarfe da salfet a rijiyar.

Gishiri shi ne na biyu. Kuloraid a ruwan juji kan haura miligiram 1,000 a lita, babu ƙonawar da ke cire shi, kuma a cikin tsami yana sace wani kaso na haidroksil ya haifi radikal ɗin kulorin. Wannan na iya manna kulorin a jikin sinadarai masu kabon, a samu sabon dattin da bai shigo da ruwan ba. Ana auna irinsu da awon AOX, wanda rataye na 51 ɗin nan ya sa wa iyakar miligiram 0.5 a lita. An shigar da shi cikin gwajin da za a riƙa yi kafin Fenton da bayansa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato sinadaran PFAS, da ke fitowa daga kayan da aka yi wa rufin hana ruwa da maiƙo shiga: darduma, tufafi, takardun naɗe kaya. Haɗin kabon da fulorin da ke jikinsu yana daga cikin mafi ƙarfi da aka sani, haidroksil ba ya karya PFOA ko PFOS, waɗanda biyu ne daga cikinsu. Abin da yake yi shi ne ya gutsure wa manyan danginsu jela, ya mayar da su waɗannan na ƙarshe da ba sa ruɓewa. Masu gwaji ma da gangan suke amfani da wannan hali: hanyar da Erika Houtz da David Sedlak suka fitar a 2012 tana ƙona samfurin ruwa ne don ɓoyayyun PFAS su bayyana a awo. Ma'ana, ruwa na iya fitowa daga Fenton da COD mai kyau, PFOA ɗinsa kuma ya ƙaru. Yawansu a nanogiram ko maikrogiram ake auna shi, ba zai taɓa nunawa a COD ba. A nan gawayin da aka ƙi a farko ya dawo, amma a ƙarshen layi, inda dattin da zai yi gogayya da PFAS wajen kama gurbi ya riga ya ragu, gawayin ya daɗe bai cika ba.

Sai lafiyar ma'aikata. Feroksaid mai ƙarfin kashi 50 yana ƙona fata ya mayar da ita fara, kuma idan ɗan ƙarfe ko tsatsa ya faɗa tankin ajiyarsa, zai fara rubewa yana zafi, zafin na ƙara saurin rubewar, har tankin ya fashe idan ba shi da mafitar iska. A matatar da ke ajiye gishirin ƙarfe da feroksaid a fili ɗaya, kowanne da bututunsa, da famfonsa, da ramin tare zubewarsa, kuma a bututun feroksaid ana sa bawul mai hana ruwa komowa baya.

Adadin da aka samu a kofuna ba na dindindin ba ne. Idan aka yi ruwan sama mai yawa, ruwan juji na ƙaruwa ya tsinke, idan aka daɗe ba a yi ba ya ragu ya yi kauri, kuma duk sabon ramin da aka buɗe yana turo ɗanyen ruwa mai tsami ya gauraya da tsohon. Saboda haka aka sa tafkin tara ruwa na kwanaki a gaban matatar don ya daidaita abin da ke shiga, aka kuma ɗaure famfon feroksaid da awon yadda ruwan ke shanye hasken ultrabayolet a nanomita 254, wanda ke bin yawan zobban kabon kuma ana karanta shi nan take. Gwajin kofuna za a maimaita shi duk lokacin da yanayi ya juya. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 kan wuraren binne shara ta wajabta a tanadi kuɗin kula da juji na aƙalla shekara 30 bayan rufe shi, dokar Amurka ma shekara 30 ta sa. Da yake yawan ruwan zai ragu sosai bayan an rufe saman jujin, an raba tankunan Fenton layi biyu ƙanana maimakon babba guda, don a iya kashe ɗaya idan lokacin ya zo.